Yadda ake zaɓen kaset ko faifan Home Alone da zai yi aiki a gida

Home Alone ya fito a silima a Amurka cikin Nuwamban 1990. Chris Columbus ne ya ba da umarni, John Hughes ya rubuta, Macaulay Culkin kuma ya fito a matsayin Kevin, yaro ɗan shekara 8 da danginsa suka mance da shi a gida suka tafi Faris hutun Kirsimeti, har ya tare ɓarayi biyu shi kaɗai. Tun daga 1991 ake sayar da fim ɗin don kallon gida: kaset ɗin VHS a wannan shekarar, DVD a 1999, Blu-ray a 2008, sai faifan 4K a 2020 da fim ɗin ya cika shekara 30. Kowannensu da irin na'urar da yake buƙata, kuma yawancin asarar kuɗi daga nan take farawa, mutum ya sayi abin da na'urarsa ba za ta karanta ba.

Kafin ka biya, juya bayan kwalin ka duba lambar yanki. A DVD za ka ga ɗan zanen duniya da lamba a ciki. Lamba 1 ta Amurka da Kanada ce, 2 ta Turai da Japan da Afirka ta Kudu, 5 kuma ta ƙunshi yawancin Afirka har da Najeriya da Nijar. Faifan da aka sayo daga Amurka zai ƙi tashi a na'urar da aka kulle ta kan wani yankin, sai dai ka ga rubutu a allo cewa yankin bai dace ba. Ba lalacewa faifan ya yi ba. Ƙananan na'urorin DVD ƙirar Chaina da ke kasuwanninmu da yawansu a buɗe suke, suna karanta kowace lamba, don haka ka gwada a ɗaya daga cikinsu kafin ka mayar. Blu-ray da haruffa yake aiki: A na Amurka, B na Turai da Afirka. Faifan 4K ba shi da wannan shingen ko kaɗan, amma na'urar Blu-ray ta gama-gari ba ta karanta shi, yana da tasa.

In ka tambayi wanda ya fi dacewa da yawancin gidaje, Blu-ray ne. Hotonsa ɗigo 1920 ne a faɗi da 1080 a tsaye, DVD kuwa 720 da 480 a kwafin Amurka, 720 da 576 a na Turai. Bambancin yana fitowa sosai a wannan fim, domin rabin wasan da dare ake yinsa, cikin fitilun ado da jan bango da kore, kuma a nan ne DVD kan dusashe. Akwai wani abu ma da ba kowa ya lura da shi ba: kwafin DVD na Turai yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, shi ya sa fim mai minti 103 yake ƙarewa a wajen minti 99. Ba a yanke komai ba, sauri aka ƙara kaɗan, kiɗan John Williams ma yakan ɗan tashi sama da yadda aka naɗe shi.

Faifan jabu ba ya da wuyar ganewa. Ƙasansa yakan yi launin shunayya, alamar a kwamfuta aka ƙona shi, na kamfani kuwa fari ne kamar azurfa. Ka guji wanda aka cusa fina-finai goma a ciki, an matse hoton har ya farfashe. In kwalin tarin fina-finan ne, ka sani na farko da na biyu, wato na 1992 da aka yi a New York, su kaɗai ne Culkin ya fito a ciki. Na 1997 wani yaro ne daban.

Kaset shi ne mai buƙatar haƙuri. Na Amurka tsarin NTSC ne, Najeriya kuwa PAL take amfani da shi, saboda haka sai da bidiyo mai karɓar tsari biyu, in ba haka ba hoton zai fito ba kala ko ya riƙa birgima. In bidiyon ma daga Amurka aka kawo shi, wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Kada ka jona shi kai tsaye a bango, sai ta taransifoma mai rage ƙarfin wuta, domin jonawa ɗaya ta isa ta ƙona shi. Kafin ka saka kaset ɗin, leƙa ta tagar robar nan. In ka ga farin gari ko tabo a jikin zaren da ke naɗe, fumfuna ce, kuma za ta shafa wa kan bidiyon, daga nan ta bi duk kaset ɗin da ka saka bayansa. Wanda ya daɗe a ajiye, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya, zaren ya saki jiki. Layukan da ke rawa a ƙasan hoto kuwa maɓallin daidaita hoto ne maganinsu. In hoton ya koma yayyafi fari alhali sauti na fita lafiya, kan bidiyon ne ya yi datti. Cire wuta, buɗe murfin, jiƙa farar takarda da sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, dafa ta a jikin gangar, wato ƙarfen nan mai juyawa da kan bidiyon yake jikinsa, ka juya gangar a hankali da yatsa. Kada ka goga sama da ƙasa, kada kuma ka sa auduga, zarenta yana kama kan ya karya shi. Lokacin Kirsimeti a nan lokacin hunturu ne, ƙura ba ta barin komai, don haka ka rufe bidiyon da ƙyalle, kaset kuma a ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da sifika da rana.

Faifai in ya fara tsallake, goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba.

Saura talabijin. An tsara fim ɗin a faɗin 1.85, wato faɗin hoton ya ninka tsayinsa sau 1.85, don haka siririn baƙin layi sama da ƙasa a allon zamani daidai ne, kada ka ja hoton ya cika. Kaset kuma na tsohuwar talabijin mai 4:3 ne, baƙin zai koma gefe biyu, in ka baje shi fuskoki za su kumbura. Kashe tsarin nan da ke sulɓe motsi, yana mai da fim kamar wasan kwaikwayon talabijin. In da ƙananan yara a ɗakin, ka gaya musu tun kafin ɓarayin su shiga gidan cewa dutsen guga a fuska da gwangwanin fenti a ka dabarar masu fim ce, a zahiri kisa suke yi.