Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da "mutual" da "each other" zuwa Jamusanci

Na gaji da gyara abu ɗaya a aikin sababbin masu fassara. Da sun ga "mutual", sai hannu ya zarce kan gegenseitig, ko jimlar ba su gama karantawa ba.

Gegenseitig na abin da ke zuwa ya dawo ne: na yi maka, ka yi mini. Girmama juna, gegenseitiger Respekt, ya zauna daidai. To amma "mutual friend" fa? Aboki ne da muka yi tarayya a kansa, ba miƙa wa juna shi muke yi ba kamar goro. Sunansa gemeinsamer Freund.

Wadda ta taɓa ci mini kuɗi ita ce beiderseitig. Wani kamfani a Hambug ya ba ni kwangila tsakanin ɓangarori uku, na ga "by mutual agreement", na rubuta in beiderseitigem Einvernehmen don kunnena ya saba da shi. Lauyansu ya dawo da takardar da tambaya guda: wanne daga cikin ukun na kora? Kalmar beide ai biyu take nufi, tana zaune a gaban kalmar ƙiri-ƙiri, ban gan ta ba. Na kwana ina sake bin shafuffukan ba tare da an biya ni ba, kuma ba su sake nemana ba. Tun ranar, sai na ƙirga masu sa hannu kafin in taɓa kalmar. In sun wuce biyu, gegenseitig nake sawa.

Sai sich, wadda ake yawan fassara "each other" da ita, alhali tana ɗaukar ma'anar "kansu" da ta "juna" duka. Abin haushi, Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan ramin ba, tunda harshenmu ya raba "kansu" da "juna". Sie hassen sich na iya zama sun tsani kansu, ko sun tsani juna. Ni a rubutu einander, wato "juna" zalla, nake sawa, ko da wasu na ganin ya cika ƙaƙale. A magana kuwa sich gegenseitig. Amma don Allah ku daina haɗa sich einander, maimaici ne kawai.

Miteinander, voneinander, füreinander: a haɗe ake rubuta su. "Mutual fund" Investmentfonds ne. "Reciprocal" na lissafi Kehrwert ne. In kuma wani ya ce "the feeling is mutual", Bajamushe cewa yake das beruht auf Gegenseitigkeit.