Yadda za ka je kallon opera karon farko

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa, ana kaɗa masa kiɗa. Kafin ka sayi tikiti, ka san cewa kamfanin opera gida ne guda: yana da makaɗansa na dindindin, da 'yan amshinsa, da teloli da kafintocin da ke shirya dandamali. Manyan mawaƙan kuwa baƙi ne, yau suna nan, gobe suna wata ƙasa. Saboda haka ni gidan nake fara dubawa, kafin sunan mawaƙi.

Gidajen iri biyu ne. Akwai masu sauya wasa kusan kowane dare, kamar na Biyana a Ostiriya, wanda aka buɗe a 1869. In kwana uku kawai za ka yi a gari, irin wannan ka nema, don ba za ka rasa abin kallo ba. Akwai kuma irin La Scala na Milan a Italiya, mai tarihi tun 1778, inda ake ɗaukar wasa ɗaya a yi ta maimaita shi na 'yan makonni. Kakar wasanninsu tana buɗewa ranar 7 ga Disamba, kuma kada ma ka sa rai da kujera a daren nan.

Ka sayi wuri mai araha can sama. Mawaƙan ba sa amfani da makirufo, murya ce zalla take haye makaɗa ta iso ka, kuma a sama sautin ya fi haɗuwa. A Biyana ma akwai tikitin tsayuwa. Na yi shi sau ɗaya, ƙafafuna sun ji jiki, amma ban yi da-na-sani ba. A saman La Scala ne tsofaffin hannu ke taruwa, waɗanda in mawaƙi ya kuskure sai su yi masa ihu ba kunya.

Karanta labarin tun daga gida, har ƙarshensa. Ana nuna fassarar baitocin a allo, amma in idonka na kan rubutu, wasan zai wuce ka. Ka fara da wasan Puccini, mai tsara opera ɗan Italiya, wajen awa biyu da ɗan wani abu. Na Wagner, takwaransa Bajamushe, kan kai awa biyar, ya jira tukuna.

Kada ka makara, don in an rufe ƙofa sai lokacin hutu. Tafa hannu kuwa, bari na kusa da kai su fara.

In tafiyar ba ta yiwu ba, gidan Metropolitan na Amurka yana watsa wasanninsa kai tsaye a gidajen silima tun 2006.