Yadda ake fitar da adadin ƙarfe a ruwan rijiya daga alƙaluman na'urar auna haske

Idan ruwan rijiya a Sakkwato yana barin jan tabo a jikin bokiti, ɗalibin kimiyyar sinadarai zai iya auna ƙarfen da ke cikinsa da sifektirofotomita, wato na'urar da ke auna hasken da ruwa ya shanye, amma lambar da na'urar ta nuna ba ta zama sakamako sai lissafi ya tantance ta.

Da farko a haɗa ruwan gwaji guda biyar da aka san ƙarfen da ke cikinsu, misali miligiram 0.5, 1, 2, 3 da 4 a kowace lita, a zuba musu sinadaran haidiroksilamin da fenantirolin, waɗanda ke sa ƙarfen ya ba da launi, har su yi launin ruwan lemo, sannan a auna hasken da kowanne ya shanye a tsawon zangon haske na nanomita 510. A auna kowanne sau uku, kuma a goge kwalbar gwajin kafin kowane awo, domin ƙurar hunturu da ta kwanta a jikin gilashi tana ƙara lambar da na'ura ke bayarwa.

Daga nan a zuba alƙaluman a Excel, a zana su a matsayin ɗigogi, yawan ƙarfe a gefe ɗaya, hasken da aka shanye a ɗaya gefen, a ja miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da ɗigogin, bisa hanyar da masanin lissafi Legendre ya wallafa a 1805, tun da ƙa'idar Beer ta nuna shanyewar haske na ƙaruwa daidai da yawan sinadari. A nan ne ya kamata a nutsu. Ganin R², wato lambar da ke nuna yadda layin ya dace da ɗigogin, ya kai 0.99 bai isa hujja ba, dole ne a fitar da tazarar kowane ɗigo daga layin a zana ta daban. Idan tazarorin sun warwatsu sama da ƙasa babu tsari, layin ya yi; idan kuwa sun lanƙwashe kamar baka, ruwan gwaji na ƙarshe ya yi kauri, sai a tsarma shi a sake. Kada a jefar da ɗigon da ya kauce don kawai ya ɓata zane, sai gwajin Grubbs, wato lissafin gano alƙalamin da ya fita daban da sauran, ya tabbatar da kaucewarsa.

Bayan haka a auna ruwan da babu ƙarfe a cikinsa sau goma, a ninka ma'aunin warwatsuwar alƙaluman goman (standard deviation) da 3.3, a raba da gangaren layin, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin adadin da awon zai iya ganowa.

Sai a zuba wa ruwan rijiyar sinadaran nan biyu, a auna shi sau uku, a karanta adadinsa daga layin, a rubuta matsakaicin tare da warwatsuwarsa, sannan a kwatanta da miligiram 0.3 a lita da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta iyakance.