Yadda ake koya wa ma'aikata rage ɓarna a masana'anta

Duk mai masana'antar da ya kira ni a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ya ce yana son a horar masa da ma'aikata, tambayata ta farko ita ce: a ina za a yi horon? In ya ce ya kama ɗaki a otal, na san takardar shaida yake nema ya rataya a ofis. Horon da nake magana a kai a gindin inji ake yinsa, cikin ƙara da ƙura da ƙamshin soyayyiyar gyaɗa. Na daɗe ina shugabantar ma'aikata a wajen matse mai, kuma da misalin wannan sana'ar zan yi bayani, amma mai casar shinkafa a Yagwa ko mai buga bulo a Marwa zai gane kansa a ciki.

Tsarin rage ɓarnar da nake koyarwa ba a gidan wadata aka haife shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Toyota a Japan ba shi da kuɗi, a 1950 ma saura ƙiris ya durƙushe. Ba su da halin tara kaya ko sayen manyan injina irin na Amurka, sai wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya duƙufa neman inda kuɗi da lokaci ke zurarewa a cikin aikin kansa. Gyaran kullum-kullum da kowa ke sa hannu a ciki shi ne suke kira kaizen. Ina faɗin wannan ne don mai gidan da ke cewa "mu ƙanana ne, ba namu ba ne". Ai don marasa ƙarfi aka ƙirƙiro shi.

Fara da tsayawa ka kalla. An ce Ohno kan zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa sabon injiniya ya tsaya a ciki yana kallon aiki har sai ya ga abin da ke faruwa. Ni ma haka nake yi da shugabannin ma'aikata, kuma shi ne darasin da suka fi ƙi, domin babba ba ya son yara su gan shi tsaye ba ya ba da umarni. Ka ba shi alli da ɗan allo, ka ce kada ya gyara komai, kada ya tsawata wa kowa. Ya zaɓi buhun gyaɗa ɗaya ya bi shi da ido daga sito har ya zama mai a jarka, yana rubuta duk inda buhun ya tsaya da tsawon tsayuwar. Abin da zai gano kusan ko'ina iri ɗaya ne: lokacin da ake ɓarewa da soyawa da matsewa ɗan kaɗan ne, sauran duk jira ne da ɗauke-nan-kai-can. Mai baro ya je sito ya tarar mai sito ya fita da makulli. Mai matsa yana tsaye saboda mai suya bai gama ba. Yaron da ke cika jarka yana zagaya inji duk cikawa domin murafen suna ɗaya ɓangaren.

Ohno ya kasa ɓarna gida bakwai: yin kaya fiye da abin da ake buƙata, jira, jigilar da ba dole ba, aikin da mai saye bai nema ba, tara kaya, motsin jiki na banza, da kayan da suka lalace sai an sake. Ban cika sa ma'aikata haddace su ba. Na fi so su nuna mini da yatsa. Wadda ta fi wuyar fahimtar da mai gida ita ce ta farko, domin idan ya ga jarkoki jibge har rufi zuciyarsa sanyi take yi. Sai na ce masa, "Alhaji, wannan kuɗinka ne a kwance, kuma mai ba ya ƙara kyau da zama cikin zafin Afrilu." Lissafin da za ka koya masa mai sauƙi ne. A ce ana aikin awa 8, ka cire awa 1 na salla da abinci, saura minti 420. A ce kasuwa na ɗaukar jarka 210 a rana. To kowane minti 2 jarka ɗaya ya kamata ta fito, ba fiye ba. Duk matakin da ya fi haka sauri tara kaya yake yi, wanda ya gaza kuwa shi ne ke riƙe da kowa, kuma a kansa za ka fara gyara.

Daga nan sai share fage. Masu horo suna da matakai biyar da suke kira 5S: ware abin da ake amfani da shi daga tarkace, ba kowane abu mazauninsa, tsaftacewa, mayar da hakan ƙa'ida, sannan dagewa a kai. Kada ka ɗauki masana'anta gaba ɗaya. Zaɓi inji ɗaya da mutanen da ke kansa. Ku fito da komai fili: tsoffin bel, sifanar da bakinta ya cinye, gwangwanin giris da babu komai ciki, buhunan da ɓera ya huda. Abin da aka yi gardama a kansa a ɗaura masa jan ƙyalle a ajiye gefe. In wata ya wuce ba wanda ya neme shi, a fitar. Sai a kafa allon katako kusa da injin, a rataya kowace sifana, a zana siffarta da fenti a bayanta, yadda daga nesa za a ga wadda ba ta nan. Mai shayin bakin tasha ya riga mu sanin wannan: sukari, madara, cokali, kowanne na inda hannunsa zai faɗa ba tare da ya duba ba, shi ya sa yake sallamar mutum goma yana hira.

Shara a wurinmu ba kwalliya ba ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ta haɗu da giris ta zama kamar yashi a cikin boris. Wanda ke goge inji kowace safiya shi ne zai fara ganin notin da ya kwance da inda mai ke ɗiga. Saboda haka kada ka bar gogewar ga ɗan shara, mai injin ne zai yi da hannunsa kafin ya kunna.

Yanzu ga inda na fi son a daɗe, wato yadda ake koya wa mutum aiki. A yawancin wuraren da na shiga, horon sabon ma'aikaci shi ne "bi wancan ka ga yadda yake yi". Wancan ɗin kuma yana da nasa salon, na dare yana da nasa, shi ya sa man safe da na dare ba sa zama launi ɗaya. A 1940 gwamnatin Amurka ta fito da wani shiri na koya wa sababbin ma'aikatan masana'antu aiki da sauri saboda yaƙi, bayan yaƙin aka kai shi Japan, Toyota ta ɗauka. Hanyarsa matakai huɗu ce, kuma ban ga abin da ya fi ta ba. Ka fara da kwantar wa mutum hankali, ka tambaye shi abin da ya riga ya sani, ka tsayar da shi ta gefenka yadda zai ga hannunka kamar nasa, ba ta gabanka ba. Sai ka yi aikin yana kallo kana faɗin matakan, ka sake kana nuna wuraren da ake kuskure, ka sake kana faɗin dalilin kowanne. Sai shi ya yi, ka gyara masa nan take, ya maimaita yana faɗa maka matakan da dalilansu da bakinsa. Daga ƙarshe ka bar shi, ka gaya masa wanda zai tambaya in ya rikice, kana leƙo shi akai-akai, kana rage leƙen a hankali. Masu shirin suna da ƙa'idar cewa in ma'aikaci bai koya ba, to mai koyarwa ne bai koyar ba. Shugabannin ma'aikata ba sa son jin wannan, amma kullum sai na faɗa musu.

Dalilin shi ne gishirin abin. Ka ce wa yaro "kada ka cika wa inji gyaɗa", zai kiyaye muddin kana tsaye. Ka nuna masa cewa in ya cika, injin na shaƙewa, tunkuza ta fito da mai a jikinta, ka sa ya murza ta a tafin hannunsa ya ga maiƙon, to ya riƙe ke nan. Kafin ka koyar kuma dole ku zauna da tsofaffin hannu ku yarda da hanya ɗaya. A nan ake kai ruwa rana. Dattijon da ya shekara ashirin yana suya ba zai karɓi gyara daga takarda ba, don haka nakan ce, "Baba, nuna mana yadda kake gane ta soyu." Sai ya ɓare ƙwaya ɗaya ya nuna launin cikinta. Mu ɗauki hoton wannan launin da waya, a wanke, a manna a jikin bango. Hoto ya fi rubutu amfani a wurinmu, domin a layi ɗaya za ka sami mai Fulatanci, mai Hausa, da wanda ya zo daga Chadi da Larabcinsa, kuma ba kowa ke karanta Faransanci ba.

Ka ba ma'aikaci ikon tsayar da aiki in ya ga matsala. Wannan ya faro ne daga injin saƙa: wanda Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa Toyota, ya ƙera a 1924 yana tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A garin auduga irin Garwa, inda hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, wannan misalin ba ya buƙatar dogon bayani. Amma a aikace yana da wuya, domin yaro ya saba in inji ya tsaya shi za a zaga. Ranar farko da wani ya tsayar da layi saboda ya ga mai ya yi duhu, kowa idonsa na kan shef, wato shugaban ma'aikata. In ka ɗaure fuska, ba wanda zai ƙara. In ka ce "madalla, zo mu gani", ka sayi amanarsu da arha.

Idan an tsaya, ku tambayi dalili, ku sake tambaya, har kusan sau biyar. Inji ya mutu. Me ya sa? Boris ya ƙone. Me ya ƙona shi? Giris ya bushe. Ba a sa ba ne? An sa, amma ƙura ta shiga. Ta ina? Murfin ya fashe tun bara aka ɗaure da roba. Me ya hana a canza? Bakanike ya faɗa wa shef da baki, shef ya manta. To ga maganin: allo a bango inda duk wanda ya ga lalacewa zai rubuta ko ya sa a rubuta masa, da ranar, da sunan wanda zai gyara. Ka lura ba a tambayi "wane ne" ba. Da zarar ka fara neman mai laifi, amsoshin sun ƙare.

Taron safe kada ya wuce minti 10, a tsaye, gaban wannan allon: jarka nawa jiya, sau nawa aka tsaya, me za a gwada yau. Gwaji ɗaya a lokaci ɗaya. A shirya, a gwada, a duba sakamako, in ya yi a mayar da shi ƙa'ida, in bai yi ba a koma. Shawarar da ba ta cin kuɗi, kamar matso da murafe kusa da mai cikawa, a aiwatar da ita a ranar. Haka ma sauya inji daga gyaɗa zuwa riɗi: wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, ya koyar da cewa a raba aikin da dole sai inji ya tsaya da wanda za a iya yi yana tafiya. Sifana, mataci mai tsabta, buhunan riɗi, duk su iso gindin inji kafin a kashe shi.

Akwai abu ɗaya da ba na yarda a kwafa ido rufe, wato cewa kada a ajiye kaya ko kaɗan. Toyota na da masu kawo mata kaya a kusa da ita. Mu kuwa kayan gyara daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya ƙare a Ngaundere, sannan mota ta yi sama da kilomita 250 zuwa Garwa. Wutarmu daga madatsar Lagdo take, in ruwa ya ja baya da rani sai a yi ta ɗaukewa. Gyaɗa kuma da kaka take araha. Saboda haka ajiye bel da boris da man janareto, sayi gyaɗarka a kan kari. Abin da za ka koya wa mai sito shi ne iyaka: a ja layin fenti a jikin kanta, in kaya suka sauko layin a yi oda, a lissafa da kwanakin hanya. Buhunan su hau katako nesa da bango saboda danshi da funfuna, wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Kafin a fara komai nakan nemi alkawari ɗaya daga mai gida, a gaban ma'aikata: ba wanda za a sallama saboda gyaran da aka samu. In aikin mutum biyar ya koma na mutum huɗu, wanda ya fi ƙwarewa za ka cire ba rago ba, ka sa shi koyar da sababbi ko ya jagoranci gyaran inji na gaba. Sai injin farko ya yi wata biyu ko uku allonsa na cike, sifanunsa na rataye ba tare da ka yi magana ba, sannan ka matsa zuwa na biyu, kuma mutanen na farkon ne za su koya wa na biyun.