Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓar Manhajar Lissafi ga Yara 'Yan Shekara 3 zuwa 5

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar haddar lambobi a matsayin iya lissafi. Yaro ya rera ɗaya zuwa ashirin tare da manhaja, iyaye su yi ta murna, alhali waƙa kawai ya haddace. Tun 1978 masana Rochel Gelman da Randy Gallistel suka zayyana ƙa'idojin ƙirga guda biyar, kuma biyu daga cikinsu sun isa a auna kowace manhaja: kowane abu lamba ɗaya tak yake ɗauka, sannan lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce adadin duka. Manhajar da ke ƙirgawa da kanta yaro na zuba ido ba ta koyar da ko ɗaya. Wadda ta dace takan sa shi ya taɓa kowane abu da yatsa, ta ƙi ƙirga abu ɗaya sau biyu, ta kuma tambaye shi nawa ne duka. Gwajin gaskiya kuwa ba a kan waya ake yin sa ba. A ajiye cokula takwas a gabansa, a ce ya ba da biyar. In ya ɗebo birjik ko ya miƙo duka, da sauran aiki, komai yawan taurarin da manhajar ta ba shi.

Na biyu, manya kan gwada manhaja da amsoshin daidai kaɗai. A zauna minti goma ana zaɓar amsar da ba ita ba da gangan. Idan zaɓi uku ne, kuma wanda aka kuskure sai ya ɓace, yaro zai ci a taɓawa ta uku ko bai yi tunani ba, kuma yara na gano wannan dabara da wuri. Abin nema shi ne manhajar da za ta sake ƙirga abubuwan tare da shi a hankali, ko ta rage adadin daga bakwai zuwa huɗu.

Rubutun "shekara 2 zuwa 8" a kantin manhajoji talla ce. Ɗan shekara uku yana buƙatar daɗewa a kan ɗaya zuwa biyar, da gane ɗigo biyu ko uku da kallo ɗaya ba tare da ƙirgawa ba. A duba siffofi ma. Yawancin manhajoji alwatika iri ɗaya suke nunawa, tsayayye, gefunansa daidai, har yaro ya ƙi yarda cewa siriri ko juyayye shi ma alwatika ne.

Kafin a miƙa wayar, a kashe intanet a ga ko manhajar na aiki, a rufe sayayya ta cikin manhaja da lambar sirri, a hana ta izinin kyamara da na wurin da ake.

Wani kuskuren kuma shi ne barin yaro shi kaɗai da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana zaune gaban allo, kuma talabijin na cikin lissafin. Minti goma zuwa sha biyar tare da babba yana tambaya "ta yaya ka sani?" sun wadatar, daga nan a maimaita wasan da murafan kwalba a ƙasa.