Kafin ka yanka wa kayanka farashi a ƙasar waje

Tun kafin a kai ga maganar jari, ka duba takardar zamanka. Ba kowace biza ce ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba. A Birtaniya wanda ya shiga da bizar karatu zai iya yin aikin albashi na wasu sa'o'i, amma an hana shi buɗe sana'ar kansa, ko da a intanet ce. Bizar ɗalibai ta Amurka ita ma tana da nata takunkumin.

In doka ta ba ka hanya, ka fara da abu ɗaya ko biyu da ka ƙware a kai. Ka saro kaɗan, ka gwada kasuwa, ka ga wa yake dawowa. Sabon zuwa bai san ɗanɗanon mutanen gari ba tukuna, jarinsa kuma ba zai jure kwantai ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen yanka farashi. Mutum zai faɗi kuɗi, ya juya shi zuwa kuɗin gida a ransa, sai ya ga ya yi yawa, kunya ta kama shi ya rage. Alhali hayarsa da wutarsa da kuɗin motarsa duk da kuɗin nan yake biyansu. Ka bar wannan lissafin gaba ɗaya. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da kowane kaya yake ci kafin ya isa hannun mai saye: sari, dako, kwali, kuɗin aikawa, da kason da na'urar kati ko shafin saye da sayarwa ke cirewa. Ka haɗa da kayan da za a dawo maka da su, domin a Tarayyar Turai da Birtaniya wanda ya sayi abu ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki, sai dai abin da aka yi masa na musamman.

Sannan a kula da bambancin ƙari da riba. Ka saro abu a kan 100, ka sayar 130. Ƙarin kashi 30 ka yi, amma ribarka kashi 23 ce ta cinikin. Ranar da ka yi ragin kashi 20 don jan kwastoma, ka sayar 104 ke nan, kuɗin kati da kwali su lashe ragowar. Akwai kuma kuɗaɗen da za ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamar haya da inshora da waya. In sun kai 600 a wata, kowane kaya kuma yana bar maka 15, sai ka sayar da 40 kafin ka fara cin ko sisi. Wannan adadin ya kamata ka haddace shi.

Mai aikin hannu, kamar ɗinki ko aski ko gyaran waya, lokacinsa yake sayarwa, kuma shi ne ya fi mantawa da shi. Cikin sa'o'i 40 na mako, wataƙila 25 kawai za a biya ka, sauran sun tafi a hanya da amsa saƙo da sayen kayan aiki. Abin da kake bukata a mako ka raba shi a kan 25 ɗin. Ka duba abin da wasu ke karɓa, amma kada ka ce sai ka fi kowa sauƙi. Araha ba ta ado, kuma babban kanti zai iya karya farashi ya daɗe yana jurewa, kai ba za ka iya ba.

Haraji kuwa babu mai cire maka shi kamar na ɗan albashi, kai za ka tara. A Amurka mai sana'ar kansa yana biyan kashi 15.3 na musamman, ban da harajin kuɗin shiga. A Birtaniya da zarar cinikinka ya haura fam 1,000 a shekara sai ka yi rajista da HMRC, wato hukumar harajin ƙasar, harajin VAT na kashi 20 kuma yana zama dole in ciniki ya wuce fam 90,000. A Turai farashin da ka rubuta wa mai saye ya haɗa da harajin kaya, a Amurka kuwa wajen biya ake ɗora shi, kuma kusan kowace jiha da nata. Ka buɗe wa sana'ar asusunta daban, ka riƙa ware kason haraji daga kowane ciniki, rasit kuma kada ka yar da ko ɗaya.

'Yan uwa za su zo da "ai namu ne, a rage mana". Ka tsayar da iyakar ragin da za ka iya tun kafin su zo, ka rubuta farashinka kowa ya gani. Aikin da za ka sayi kaya dominsa, ka karɓi kafin alƙalami sannan ka taɓa shi.