Yadda ake sa daraktocin kamfanin da ke kasuwar hannun jari su sauke nauyin da ke kansu

Kamfanin da ya shiga kasuwar hannun jari, dukiyar dubban mutane ce a hannun mutum goma ko goma sha biyu. Doka ta san haka, shi ya sa ta zayyana abin da ake bin daraktoci. Dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 ta jera wajibai bakwai daga sashe na 171 zuwa na 177. A cikinsu akwai tsayawa iyakar ikon da aka ba ka, yin aiki don ci gaban kamfani, sa hankali da ƙwarewa, gudun duk abin da zai haɗa muradinka da na kamfani karo, da bayyana hannunka a cinikin da kamfani zai shiga. Dokokin ƙasashe da dama sun bi kusan wannan layi. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da za a tuhumi wani, domin kotu da hukuma abu uku za su nema: wa ya sani, yaushe ya sani, me ya yi da ya sani. Kamfanin da bai ajiye amsar waɗannan a rubuce ba, ba shi da abin kama kowa.

A fara da kujerun. Kada mutum ɗaya ya haɗa shugabancin hukumar daraktoci da na gudanarwa, don ba wanda ke sa wa kansa ido. Rahoton kwamitin Cadbury na Birtaniya kan shugabancin kamfanoni, na 1992, ya ba da wannan shawara, dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 kuwa ta mai da ita dole ga kamfanonin da ke iya sayar wa jama'a hannun jari, ta kuma hana mutum zama darakta a fiye da biyar daga cikinsu. Sai daraktoci masu zaman kansu, wato waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne kuma ba su da wata alaƙa da shi bayan kujerarsu. Sakataren kamfani ya sake tantance su duk shekara: ko ɗayansu ya taɓa aiki a kamfanin, ko yana ciniki da shi, ko akwai dangantaka tsakaninsa da babban mai hannun jari. A ƙa'idar Birtaniya, wanda ya wuce shekara 9 a kujera sai an ba da hujja kafin a ci gaba da kiransa mai zaman kansa. Sabo yana kashe tambaya.

Takardun taro su isa hannun daraktoci kamar kwana 7 kafin zama. Idan aka kawo takarda mai shafi 200 da safiyar taro, darakta ya nemi a ɗage wannan batu, kuma a rubuta cewa ya nema. A shari'ar kamfanin Centro ta Ostareliya a 2011, kotu ta kama daraktoci da laifi saboda sun amince da bayanan kuɗin da suka nuna bashin da ya kusa biya, na kimanin dala biliyan 1.5 ta ƙasar, a matsayin bashin dogon zango. Sun ce sun dogara ne da ma'aikata da masu binciken kuɗi. Kotu ta ce karanta bayanan kuɗi da fahimtarsu aikin darakta ne da kansa.

Bayanan taro da ke cewa kawai "an tattauna, an amince" ba su da amfani. A rubuta takardun da aka duba, tambayoyin da aka yi, zaɓin da aka ajiye da dalilin ajiye shi, da sunan wanda ya ƙi yarda. Birtaniya ta wajabta ajiye su shekara 10.

Ciniki da na gida shi ne ƙofar da dukiya ta fi zurarewa, don haka nan za a fi tsaurara. Ana nufin duk cinikin da kamfani zai yi da darakta, ko matarsa, ko ɗansa, ko wani kamfanin da yake da hannu a ciki, ko babban mai hannun jari. Sakatare ya riƙe rajista da ke ɗauke da kamfanonin da kowane darakta da iyalinsa suke da hannu a cikinsu, a sabunta ta duk wata uku, a kuma miƙa wa sashen sayayya kwafi. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Rajistar da ke kulle a aljihun teburin sakatare ba ta hana kowa biyan kuɗi.

Idan batun ya zo gaban hukumar daraktoci, mai hannu a ciki ya bayyana kafin a soma magana, ya tashi ya fita. Kada a ƙirga shi cikin adadin da ake bukata don zama ya tabbata, kada ya jefa ƙuri'a. A rubuta ƙarfe nawa ya fita da ƙarfe nawa ya dawo. Zama shiru a ɗakin bai isa ba, don da wuya abokan aiki su soki farashin mutum yana kallonsu. A samo ƙimar kaya daga masanin da kwamitin binciken kuɗi ya ɗauko, ba wanda shugaban gudanarwa ya kawo ba.

Kasuwanni kan sa iyakar da idan ciniki ya kai ta sai an sanar da jama'a ko an nemi yardar masu hannun jari, sau da yawa kashi 5 cikin 100 na dukiyar kamfani. Dabarar da aka saba ita ce yanka ciniki gunduwa-gunduwa. A ce dukiyar kamfani biliyan 40 ce, iyaka ta zama biliyan 2. Sai a ga kwangila huɗu, kowace miliyan 600, ga kamfani ɗaya cikin wata takwas. Kowace a ƙasa take, jimla kuwa biliyan 2.4. Maganinsa a riƙa tara duk cinikin da aka yi da mutum ɗaya da makusantansa cikin wata 12, a auna jimlar.

Kwamitin binciken kuɗi ya zauna da masu binciken kuɗi na waje aƙalla sau ɗaya a shekara ba tare da kowa daga masu gudanarwa ba. Ya tambaye su kai tsaye: a ina kuka yi saɓani da sashen kuɗi, wace takarda kuka nema ba a ba ku ba? Ya kuma tabbatar shaidar kuɗin da ke banki daga bankin ta fito, ba ta hannun wani ɗan tsakani ba. A watan Yunin 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya rushe bayan an gano Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankunan Filifin babu su. Hanyar da ma'aikata ke kai ƙorafi a asirce ita ma ta ƙare a teburin wannan kwamiti. Dokar Sarbanes-Oxley ta Amurka, wadda aka yi a 2002 bayan faɗuwar kamfanonin Enron da WorldCom, ta ɗora masa wannan aiki, ta kuma sa shugaban gudanarwa da na kuɗi su sa hannu da kansu a kan sahihancin rahoto.

Sayen hannun jarin kamfanin da sayarwa da daraktoci ke yi wa kansu kuwa kalanda ce kawai. A Tarayyar Turai an rufe wa daraktoci ƙofa kwana 30 kafin fitar rahoton rabin shekara da na ƙarshen shekara, kuma cinikin da ya wajaba su bayyana sai sun sanar da shi cikin kwana 3 na aiki.

Idan cikin gida ya gaza, sai masu hannun jari. Su karanta sashen shugabanci na rahoton shekara, inda kamfani ke cewa ya bi ƙa'ida ko ya faɗi dalilin kaucewa. Bayanin da bai ambaci wace ƙa'ida aka bari ba, da abin da aka sa a madadinta, da lokacin da za a koma kanta, kwaskwarima ce, a ƙi shi da ƙuri'a. A Birtaniya idan kashi 20 cikin 100 suka ƙi wani ƙuduri, ana sa ran hukumar daraktoci ta tuntuɓe su ta bayyana matakin da za ta ɗauka. Masu kashi 5 cikin 100 na iya tilasta kiran babban taro, kuma ana tsige darakta da rinjayen sama da rabi bayan sanarwar kwana 28. Wanda ya kuskure lissafin kwanakin nan, ƙudurinsa ya faɗi tun kafin a zauna.

Kotu tana can ƙarshe, kuma tana da tsada. Tun shari'ar Foss da Harbottle da aka yi a Ingila a 1843, ƙa'idar ita ce kamfani ne ke ƙarar wanda ya cuce shi. Mai hannun jari sai ya nemi izinin kotu ya shigar da ƙara a madadin kamfani, abin da aka ci kuma asusun kamfani yake shiga, ba aljihunsa ba. Shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a tattara takardu a kai wa hukumar kula da kasuwa, wadda ke iya cin tara ko dakatar da cinikin hannun jarin. Haramta wa mutum zama darakta, a Birtaniya, yana iya kaiwa shekara 15.

Daraktan da ya yi magana aka ƙi ji, kada ya sulale da cewa uzurin gida ne. Ya rubuta wa shugaban hukumar daraktoci dalilinsa, ya nemi a raba wa sauran daraktoci, ya riƙe kwafi. A Amurka, idan darakta ya ajiye aiki saboda saɓani kan tafiyar da kamfani, dole kamfanin ya sanar da hukumar kasuwa cikin kwana 4 na aiki, ya haɗa da wasiƙar tasa.